Ƙarin Ruwa: Ba a Ɗaura Leda a Juya Baya

   

Yau zancen ƙarin ruwa za mu yi. A unguwarmu, da an ce wane ba shi da lafiya, tambayar da ke biyo baya ita ce: an sa masa ruwa? In aka ce ya sha leda uku, sai hankali ya kwanta, a ce lallai an kula da shi. In kuwa likita ya duba mutum ya rubuta masa ƙwayoyi ya ce a koma gida, sai a fito ana ƙunƙuni, wai ko ruwa bai sa masa ba. Abin har ya kai ana aiken yaro kemis ya sayo leda, a kira mai allura ya ɗaura a ɗaki, a rataye a ƙusar bango. In aka tsiyaya bitamin a ciki ledar ta koma ruwan ɗorawa, to a wurin mutanen gida magani ya kai magani.

Ni kuwa abin da nake so mu ɗauka yau shi ne, ruwan nan magani ne mai awo. Yana da wanda ya dace da shi, yana da yawan da ake so, yana da gudun da ake so, yana da lokacin da ake tsayar da shi. Yana tayar da wanda aka fid da rai da shi, yana kuma iya kashe wanda ya shigo asibiti da ƙafarsa. Abin da ya raba biyun nan shi ne lura.

Mu fara da abin da ke cikin ledar. Yawancin ledojin da kuke gani rabin lita ne, mililita 500, daidai da fiya wata ɗaya. Akwai ruwan gishiri, wanda ma'aikata ke kira nomal salin: tsaftataccen ruwa ne da gishiri giram 9 a kowace lita. Wato leda ɗaya na ɗauke da giram 4.5, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5. To ku lissafa abin da ya shiga jikin mai hawan jini in aka jera masa leda huɗu. Akwai ruwan Ringa, wanda ya fi kusa da ruwan da ke cikin jininmu, domin ban da gishiri yana da sinadaran fotasiyam da kalsiyam. Wani likitan Landan, Sydney Ringer, shi ya haɗa shi a shekarun 1880, sannan a 1932 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara masa gyara. Sai ruwan suga, ɗan gatan jama'a, wanda ake cewa yana sa ƙarfi. Mai kashi 5 cikin 100 da aka fi ɗaurawa, sukarin da ke cikin leda ɗaya giram 25 ne, kimanin ƙaramin cokali 6. Kofin koko da ƙosai ya fi shi amfani ga wanda yake iya haɗiya, nesa ba kusa ba. Kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da yake zama jini. Matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, ko wanda hatsarin mota ya rutsa da shi, ruwa yana riƙe shi ne na ɗan lokaci kafin a samo jini a kuma toshe inda yake zuba.

Mutum mai kilo 60 yana da ruwa kimanin lita 36 a jikinsa, amma jinin da ke zagayawa a jijiyoyinsa bai wuce lita 4 zuwa 5 ba. Ruwan da aka zuba ta jijiya ba ya zama a jijiya. Bayan kamar awa ɗaya, abin da ya rage a hanyar jini daga ruwan gishiri bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran ya tsiyaye cikin nama. Mai lafiyar ƙoda zai fitsarar da rarar, ba abin da zai same shi. Amma wanda ciwo ya yi wa tsanani, jijiyoyinsa na yoyo, ƙodarsa ta rage aiki, zuciyarsa ta gaji. Rarar ruwan sai ta taru a ƙafa, a fuska, a ciki, daga ƙarshe ta sauka a huhu. Huhu kuwa wurin iska ne. In ruwa ya cika shi, mutum na kwance a gado amma nutsewa yake yi.

Inda ƙarin ruwa ya fi nuna bajintarsa shi ne amai da gudawa, musamman kwalara. A 2021 kaɗai, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Wanda ya taɓa ganin mai kwalara ba ya mantawa. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, murya ta dishe, fatar yatsu ta yamutse, in ka tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya a tsunkule. Ka taɓa wuyan hannunsa ba ka jin bugu. Irin wannan ba a yi masa ɗigo-ɗigo. Ka'idar ita ce mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 zai sha lita 6, leda 12 ke nan, cikin awa 3, kuma kusan leda 4 na farko cikin rabin awa za su shige, wani lokaci ta hannu biyu. In ba a kula da masu kwalara mai tsanani ba, ana iya rasa rabinsu. In aka mayar musu da ruwa a kan lokaci, waɗanda ake rasawa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Dabarar ma a kan kwalara aka fara ta. A 1832 annobar ta shiga garin Leith, kusa da Edinbura a ƙasar Sikotilan. Wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya riga ya auna jinin masu cutar ya gano ruwa da gishiri ne suka ƙare a cikinsa. Sai wani likitan garin, Thomas Latta, ya ce to me zai hana a mayar musu ta jijiya? Ya gwada a kan wata tsohuwa da kowa ya sallama. Ya yi ta ɗura mata ruwan gishiri har fiye da lita 3, idonsa a kanta. Bugun jijiya ya dawo, fuska ta ciko, jiki ya yi ɗumi, ta buɗe baki ta yi magana. Gajiya ta kama likitan, ya bar ta a hannun wani ya tafi ya ɗan huta. Amai da gudawa suka dawo, ba wanda ya aika masa, cikin 'yan awoyi rai ya yi halinsa. Latta da kansa ya bayyana a mujallar likitoci ta Lancet cewa da an maimaita mata ruwan, yana ganin da ta tashi. Kun ga tun daga majinyaciya ta farko, ɗaurawa ba ta gagara ba, bibiya ce ta gagara.

Yanzu mu dawo gida mu ga ɗaya fuskar. A shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Neil Davidson, sun lura da abin da ya ɗaure musu kai. Mata masu jego, makonni kaɗan bayan sun sauka lafiya, suna zuwa da kumburin ƙafa da fuska, da haki, da tari, ba sa iya barci sai a zaune. Zuciyarsu ce ta gaza. Likitocin suka bi mata sama da 200, suka fitar da sakamakon a 1978, har sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci na duniya, domin an ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 100 masu haihuwa a yankin nan na gamuwa da ciwon. A wancan lokaci sun danganta shi da kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta: kanwa na tara ruwa a jiki, zafi na ƙara wa zuciya aiki. Binciken baya-bayan nan, musamman wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, ya nuna ba al'ada ce kaɗai ba, rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki suna da babban hannu. Ko mene ne sanadin, ciwon yana nan tare da mu.

To iyayena mata, ku da kuke riƙe da masu jego, ku saurare ni da kyau a nan. Yarinya ta yi makonni uku da haihuwa, ba ƙarfi, in ta je banɗaki ta dawo sai ta dafa bango tana haki, zoben hannunta ya matse, takalminta ba ya shiga. Abin da ke fara zuwa a zuciyar uwa shi ne, ai ta sha wahala, a sa mata ruwa ta samu ƙarfi. Wallahi wannan tausayin na iya zama ajalinta. Jikinta cike yake da ruwan da zuciya ta kasa turawa. A ɗora mata leda biyu na ruwan gishiri da la'asar, kafin tsakar dare ƙirjinta na gurguri, kumfa na fita ta baki. Wannan baiwar Allah rage mata ruwa za a yi, da allurar sa fitsari, da iskar oksijin, da magungunan zuciya, a asibiti. Haka mai ciki da hawan jini ya kai ta ga jijjiga, ruwanta ƙididdigagge ne, kimanin mililita 80 a awa. Haka yaron da tamowa ta kama, mai kumburin ƙafa da jan gashi. Ko yana gudawa, ta baki ake mayar masa da ruwa a hankali, ba a kai shi ga jijiya sai in jini ya daina zagayawa yadda ya kamata, domin zuciyarsa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame.

Kada ku ɗauka jama'ar gari ne kaɗai suka taɓa zaton cewa yawan ruwa shi ne gata. Shekara da shekaru likitocin duniya suna koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaita, a yi maza a ɗura masa ruwa da yawa a tashi ɗaya. Sai aka gwada. An yi babban bincike mai suna FEAST a asibitoci 6 na Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin Farfesa Kathryn Maitland, a kan yara 3,141, fiye da rabinsu masu zazzaɓin cizon sauro. Sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza kowa. Cikin yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri, kimanin kashi 10.5 cikin 100 sun rasu a kwana 2 na farko. Cikin waɗanda aka ba ruwa a hankali, kashi 7.3 ne. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ka'idarta. Ku lura, ba a sa masu amai da gudawa a binciken ba, su nasu daban ne. Saboda haka, Malam, in ka ga yaron gadon kusa an buɗe masa ruwa yana gudu, naka kuma yana ɗiga a hankali, kada ka ce an yi son kai. Ciwon ne ba ɗaya ba.

To yaya ake lura? Ku dubi robar da ta sauko daga leda. Ƙarƙashin ledar akwai wata 'yar kwalbar roba da ruwa ke ɗiga a ciki, can ƙasa kuma akwai 'yar taya da ake murzawa. A robar da aka fi amfani da ita, ɗigo 20 shi ne mililita 1, wato leda ɗaya ɗigo 10,000 ce. In likita ya rubuta leda ta yi awa 8, nas za ta tsaya da agogo ta daidaita ɗigo 21 a minti, kusan ɗigo ɗaya duk daƙiƙa 3. In awa 4 ne, ɗigo 42. In wani ya murza tayar nan har ƙarshe, ledar na iya shanyewa kafin rabin awa. Yaro mai kilo 10, jinin jikinsa gaba ɗaya bai wuce mililita 800 ba, ruwan da yake bukata a yini da dare kuma leda 2 ne kacal. Leda ɗaya ta shige shi a rabin awa, an ɗora wa zuciyarsa fiye da rabin abin da ta saba ɗauka. Shi ya sa ake sa wa yara wani ɗan gwangwanin awo tsakanin leda da hannu, a asibitin da ke da hali kuma a sa na'urar da ke tura ruwan da lissafi. Ina roƙonku don Allah, kada mai jinya ya taɓa tayar nan. Ko don a gama a tafi gida ne, ko don mara lafiya ya tashi ya yi salla ne. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, yana iya taimama ya yi sallarsa a kwance.

Ma'aikaci nagari kuwa, bayan ya ɗaura, dawowa yake yi ya ga me ruwan ya yi. Zai ƙirga bugun jijiya, wanda a baligi yake tsakanin 60 da 100 a minti, ya ga ko ya sauko ya yi ƙarfi. Zai auna jini. Zai danna farce ko tafin yatsa har ya yi fari, ya saki, ya ga ko jan ya dawo kafin daƙiƙa 3. Zai ƙirga numfashi, 12 zuwa 20 a baligi, ya maƙala 'yar na'ura a yatsa ya ga yawan oksijin, ya ɗora abin sauraro a baya ya ji ko huhu ya fara ƙarar ruwa. Zai dubi jijiyar wuya ko ta cika ta miƙe. Zai ɗebi jini a auna gishiri da fotasiyam da suga da aikin ƙoda. A sashen masu tsananin ciwo, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Shika, na'urori ke nuna yawancin waɗannan dare da rana. Wata dabara ma ba ta bukatar leda: a kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa, jinin ƙafa ya gangaro zuciya, a ga ko ta amsa kafin a yanke shawarar ƙara masa.

Amma ma'aunin da na fi so ku riƙe shi ne fitsari. Shi ke ba da labarin ƙoda, ƙoda kuwa ita ke ba da labarin ko jini na isa cikin jiki. Baligi ya kamata ya fitar da aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa. Mai kilo 60, mililita 30 ke nan a awa, 180 a awa 6. Shi ya sa ake sa wa mai tsananin ciwo robar fitsari, duk da na san dattawanmu ba sa son ta. Akwai takarda a ƙarshen gado da ake rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita. Yawan ɓacin lissafin nan daga wurinmu masu jinya yake. Kunya ta sa a lallaɓa a zubar da fitsari kafin nas ta gani. Tausayi ya sa a ba shi kofin kunu, a ba shi rubutu, a ba shi zamzam, ba a faɗa ba. Ba wanda ya hana a ba shi in likita ya yarda ya sha, amma a faɗi yawansa a rubuta. In ya yi amai ko gudawa, a faɗi sau nawa, kuma kamar kofi nawa.

Da dare ma'aikata kaɗan ne, gadaje da yawa, kowa ya san wannan. A nan idon mai jinya yake da rana. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In kika ga numfashinsa ya ƙaru, ko ya fara tari, ko yana neman a tayar da shi zaune, ko fatar idonsa ta kumbura, ko ya fara sambatu, tashi ki kira nas a lokacin, kada ki jira gari ya waye. Haka in awa 6 ta wuce ba fitsari, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi. In wurin allurar ya kumbura, ya yi ja, yana zafi, ruwan ya bar jijiya ne ko wurin ya fara ruɓa, sai an sauya. In ɗigon ya tsaya, ko ya ɓalle da gudu bayan ya motsa hannu, ko leda ta kusa ƙarewa, a faɗa. In jikinsa ya ɗau rawar ɗari jim kaɗan bayan an sa sabuwar leda, wannan ma na gaggawa ne. Kuma kuna da haƙƙin ku tambayi likita cikin ladabi: wane irin ruwa ne, leda nawa, awa nawa, yaushe za a cire? Da zarar mara lafiya ya fara ci da sha, yawanci aikin leda ya ƙare.

Duk wannan da na lissafa, wanne ake yi a ɗakin da aka rataye leda a ƙusa? Wa ya auna sugar Baba kafin a ɗaura masa ruwan suga, alhali watakila sugar ce ta hau ta kayar da shi? Wa ya san halin ƙodarsa? Wa zai saurari huhunsa da ƙarfe 2 na dare, bayan mai allura ya karɓi kuɗinsa ya tafi? Ban raina masu kemis ba, maƙwabtanmu ne, suna taimako, kuma na san babu ce ke sa mutane gudun asibiti. Amma kuɗin leda uku da na mai ɗaurawa, da shi aka ɗauki Keke Napep zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko na Shika, da ya fi. Wanda ciwonsa ya kai a sa masa ruwa ta jijiya, ya kai a kwantar da shi inda za a sa masa ido. Wanda bai kai ba, ba ya bukatar ledar.

Abin da ya dace da gida shi ne ruwan gishiri da suga na sha, wanda marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ta yaɗawa lokacin yana ministan lafiya daga 1985. In akwai ƙullin ORS, a narka shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato fiya wata 2, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba, har a kan hanyar asibiti. Jariri a ci gaba da ba shi nono, yaro a haɗa masa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Wanda ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe guda a nemi abin hawa.